Tarin jini: na tibi ne ko na cutar Behçet?

Hajiya, kin ce ƙaninki na tarin jini, gwajin GeneXpert, wanda ke neman ƙwayar tibi a cikin kaki, bai nuna ta ba, gyambon baki na yawan dawo masa, ƙafarsa ɗaya ta kumbura, kuma likita ya ambaci Behçet. Kina tambayar bambancinsu, tunda a Kano duk mai tarin jini tibi ake fara zargi.

Duka biyun suna iya raunana bangon jijiyar jinin huhu har ya bunƙuro kamar tubun keke da ya yi laushi a wuri ɗaya. Ranar da ya fashe, jini ya cika hanyar numfashi. Abin da ke cin bangon ne ya bambanta. A tibi ƙwayar cuta ce ke rarake huhu ta yi kogo, yawanci a sama, ta cinye jijiyar da ke gefen kogon daga waje. Mai shi na rama, da gumin dare, da tari na makonni. A Behçet, wadda likitan Turkiyya Hulusi Behçet ya bayyana a 1937, garkuwar jiki ce ke kumbura jijiyar da kanta. Bunƙurin kan fito da yawa, sau da yawa a huhu biyu, kuma samari ta fi kamawa. Gyambon baki sau 3 ko fiye a shekara, gyambon al'aura, jan ido mai rage gani, da gudan jini a jijiyar ƙafa duk nata ne. A tambayi ƙanin naki maganar al'aura a keɓe, kunya kan sa a ɓoye ta.

Maganinsu ne ya fi damun mu, domin sun saɓa. Tibi magani 4 ne na wata 2, sannan 2 na wata 4. Behçet kuwa danne garkuwa ake yi: methylprednisolone giram 1 ta jijiya kwana 3, sai prednisolone, tare da cyclophosphamide duk wata ko infliximab. Waɗannan suna tayar da tibi da ke kwance, shi ya sa dole a tabbatar babu shi kafin a fara.

Ƙafar nan da ta kumbura kuma tarko ce, domin wataƙila gudan jini ne a jijiyarta. Duk wanda ya ga gudan jini zai so ba da maganin tsinka jini irin warfarin, alhali a Behçet gudan a manne yake da bangon jijiya, ba kasafai yake ɓallewa zuwa huhu ba. Idan akwai bunƙuri a huhun, maganin na iya jawo zubar jinin da ba a iya tsayarwa.

Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya raba gardama. A nemi hoton CT na jijiyoyin huhu, wanda ake yi wa allurar ruwan da ke haska jijiya, a babban asibiti irin na Malam Aminu Kano, kafin a fara ko a ci gaba da maganin tsinka jini. Idan jinin ya zo da yawa, a kwantar da shi kan gefen da aka san yana zubar, kada a ba shi komai ta baki, a wuce sashen gaggawa nan take.