Taliyar jatan lande a Kuala Lumpur: romon ya yi, amma ku tambayi ƙashin da ke tukunya

Mutanenmu na Kabi masu zuwa Maleshiya karatu ko sarin kaya sukan ɗauka duk abin da ya fito daga ruwa an gama magana, sai bismillah. A fiƙihunmu haka ne. Mu Malikawa da Shafi'awan can babu mai ja a kan jatan lande. Rigimar tana cikin tukunyar da aka dafa shi.

Wurin da nake magana yana benen ƙasa na wani katafaren kanti a Kuala Lumpur, rumfunan abinci a jere, kujeru na kowa da kowa a tsakiya. Ka biya, a ba ka lamba, ka ɗauko farantinka da kanka. Ƙanena da ke karatu can shi ya kai mu, ni da abokin aikina, Kirista ɗan Zuru.

Na nufi rumfar taliyar jatan lande da ta fi layi, ƙanena ya riƙo hannuna. "Yaya, ba nan ba." Ashe wannan taliya asalinta ta Sinawan jihar Penang ta Maleshiya ce, kuma a girkinsu na gado da ƙashin alade ake haɗa romon, a yanka naman a sama, wasu har su barbaɗa soyayyen kitsensa. A hoton da suka liƙa kuwa jatan lande kawai ido zai gani. Rubutun "ba mu sa alade" ma bai wadatar ba, don yana iya yiwuwa akwai giyar girki a miya ko kajin ba yankan Musulmi ba ne. Abin nema shi ne tambarin JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta Maleshiya: tauraro mai tsini takwas, an rubuta halal da Larabci a tsakiya. Rumfar da muka koma tana da shi, kuma da ƙashin kaza suke nasu romon.

To, romon nan. Ni a bakin kogin Matan Fada na Argungu na tashi, ba a yi mini burga da abin ruwa, amma na sara musu. Kawunan jatan landen da ɓawonsa, abin da wani zai zubar, su ake soyawa har man ya yi ja, sannan a bar su kan wuta sa'o'i. Yana fitowa ja-ja, da ɗan mai a sama, ƙamshin ya riga cokali isa. Yaji na nan amma bai kai namu ba, sai da na juye ɗan cokalin sambal da suke ɗorawa a gefe, wato dakakken barkononsu, na kuma roƙi ƙari. Abin da ban so ba shi ne zaƙi. Suna sa sukari a romo, harshen Bakabe bai saba ba.

Taliya iri biyu ce a kwano ɗaya. Rawayar mai kauri tana da ɗan warin kanwa, ban yi ta ba. Siririyar, ta garin shinkafa, ita ke shan romo yadda ya kamata, har na zauna ina tunani: duk shinkafar fadamarmu da injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi, me ya hana mu murza irinta? Sai rabin dafaffen ƙwai, ganyen ruwa da suke kira kangkung, da soyayyar albasa. Jatan landen kansa kuwa an yi rowa: ƙanana, an tsaga kowane biyu don su cika ido.

Abokina ya tsallaka ɗaya ɓangaren, inda kwanukansu ma daban ne. Ban taɓa ba, labarinsa nake ba ku. Gasasshen cikin alade mai ƙamas-ƙamas ɗin fata ya yaba, sai dai ya ce kitse ya yi yawa. Jan naman da ake shafa wa zuma, char siu, ya ture rabi. "Alhaji, mutanen ga alewa suke yi da nama," in ji shi. Miyar haƙarƙari ta bak kut teh kuma ya ce warin magani take yi, ba mamaki tunda da saiwoyi ake dafa ta.

Ringgit 15 na kuɗin Maleshiya na biya, ban da ruwan sha. Wurin tsaf yake, akwai ɗakin salla a cikin kantin, amma da rana tsaka samun kujera aiki ne. In kun je ku ce a zuba muku ta shinkafa zalla, a ninka sambal. Kuma kada wanda ya saba da malmalar tuwo ya dogara da kwano ɗaya, ni kafin La'asar na nemi shinkafa da kaza.