Shagon saƙa da ɗinkin kayan jarirai a Kano, inda ake fara tambayar watan haihuwa

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kayan jariran da ake shigowa da su daga Sin da Turkiyya suka yi tashin gwauron zabi a Sabon Gari da Kantin Kwari, har ta kai mata masu juna biyu da dama sun koma ga abin da iyayenmu suka saba, wato tanadar kayan haihuwa da hannunsu. A cikin wannan yanayi ne na yi hulɗa da wani shagon mata da ke wata unguwa a gefen titin Zariya a Kano, wanda ke sayar da zare da yadi da kayan aiki, yake karɓar aikin saƙa da ɗinki, yake kuma koyar da duk wadda take son yi da kanta. Na sayi kaya a wurin, na ba da aiki, na kuma zauna an koya mini, don haka bayanina ya shafi kowane ɓangare na harkar shagon.

Babban abin da ya sa nake ganin shagon ya cancanci a je shi ne, Hajiyar da ke da shi ba ta miƙa wa mai ciki zare ko yadi sai ta tambaye ta watan da aka ce mata a wurin awo za ta haihu. Mai cikin fari takan sunkuyar da kai don kunya, sai Hajiya ta ce mata, "'Yata, ba sa ido nake yi ba, so nake in san ko ɗan hunturu ne ko ɗan bazara." Tambayar tana da tushe, domin a Kano sanyin asubar Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, alhali a watan Afrilu zafin rana yakan haura 40. Jaririn da aka haifa a tsakiyar hunturu yana bukatar hula da safa da rigar sanyi, tun da jikinsa bai iya riƙe ɗumi kamar na babba ba, kuma kansa babba ne idan aka kwatanta da sauran jikinsa, don haka ɗumi mai yawa kan fita ta nan. Wanda kuwa ya zo a bazara, idan aka lulluɓe shi da irin waɗannan kaya, abin da zai biyo baya shi ne ƙurajen zafi a wuya da hammata da kukan dare. A kasuwa ba wanda zai tsaya yi miki wannan lissafi, saitin da ya fi tsada kawai za a ɗauko miki.

Haka kuma ba ta ɓoye gaskiyar zaren da take sayarwa. Mafi yawan ulun da ke kasuwanninmu ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne na akirilik da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Yana da araha, yana da sauƙin wanki, kalarsa ba ta saurin koɗewa, amma ba ya shan gumi yadda auduga ke sha, kuma ba ya jure wuta. Na ga ta yanki ɗan guntun zare ta kanga shi a ashana a gaban wata mai saye, nan take ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli mai tauri, sannan ta ƙona na auduga, ya zama toka mai laushi da ta murje da yatsa. Dalilin wannan gwaji shi ne kaskon garwashin da ake ajiyewa a ɗakin mai jego lokacin sanyi, domin shawul ɗin akirilik da ya kusanci wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Shawararta, wadda na bi kuma na ga amfaninta, ita ce a sa wa jariri 'yar rigar auduga a ciki, rigar saƙa ta zo a sama, kada kuma a taɓa ɗora dutsen guga mai zafi a kan abin da aka saƙa da wannan zare. Tana da zaren auduga tsantsa, sai dai ya fi tsada sosai, kuma kalolinsa kaɗan ne.

A ɓangaren koyarwa, da kwarashi ake farawa, domin shi ne ya fi sauƙin kamawa, kuma mace za ta iya ci gaba da aikinta a gida ko a layin awon ciki. Ko wadda ba ta taɓa riƙe shi ba, tana iya gama safa da hula kafin hannunta ya gama sabawa, shawul ne kawai yake cin lokaci da haƙuri. Akwai keken saƙa na Brother mai allura 200, irin tsofaffin na Japan da ake shigowa da su na hannu, wanda ke fitar da gaban rigar sanyi cikin 'yan mintuna, amma ba a barin sabuwar ɗaliba ta hau shi sai da mai lura a kusa. Kekunan ɗinkin kuwa Butterfly ne na ƙafa, baƙaƙen nan na Shanghai da kusan kowane tela a Arewa ya fara koyo a kansu, kuma ba ruwansu da ɗaukewar wuta.

Irin wannan keke miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, ba ya ɗaure bakin yadi, kuma a nan ne na fi ganin ƙwarewar masu koyarwar. Maimakon a bar bakin yadi a cikin riga yana zarewa yana gogar fatar jariri, sai a fara ɗinke shi ta waje, a rage bakin da almakashi, a juya rigar a sake bi ta ciki, ta yadda bakin zai shige cikin ninki ya ɓace gaba ɗaya. Aiki biyu ne a madadin ɗaya, amma idan kika shafa cikin rigar da bayan hannunki ba za ki ji kaushi ko kaɗan ba. Haka ake sa kowace ɗaliba ta juya safar da ta saƙa ta yanke duk wani zaren da ke reto a ciki, saboda siririn zare yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafar jariri ya hana jini gudana, uwa kuma ba ta sani ba sai kuka ya yi yawa. Wandon kwanakin farko ana yanka shi ya tsaya ƙasa da cibiya, ba a matse robarsa, har sai cibiyar ta faɗi ta warke, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Game da awo, suna aiki da cewa zagayen kan sabon jariri yakan kama daga santimita 33 zuwa 36, tsawonsa kuma wajen 50. Hajiya takan hana mutum yawaita ɗinki a wannan awo, tun da jariri kan ninka nauyin haihuwarsa a wajen wata biyar, rigar da aka ɓata mako ana saƙawa tana iya matse shi kafin a yi arba'in. Gara a yi kaɗan na kwanakin farko, sauran a yi su da girma. Duk yadin auduga kuma sai an wanke shi an shanya kafin a sa masa almakashi, domin yana tsukewa a wankin farko, sitaci da ragowar rini su ma su fita. Ko zanin goyo ta fi son a yi shi da atamfar da ta sha wanki ta yi laushi, duk da cewa sabuwa ce za ta kawo mata ciniki.

Sai dai shagon yana da nasa naƙasu, kuma na farkonsu ya shafi ainihin matan da aka buɗe shi dominsu. Wurin zaman benci ne na katako marar majingina, ɗakin kuma ƙarami ne, fanka ɗaya ce a sama. Mace mai cikin wata bakwai ko takwas, wadda ƙafarta ta fara kumbura, bayanta kuma yana ciwo, ba za ta jure dogon zama a haka ba, balle a ce tana taka keke. Kujerun roba masu majingina da ɗan matashi ba wani kuɗi ne mai yawa ba, kuma ya kamata a ce an daɗe da tanadarsu. Wadda take son koyo ta fara daga wata na huɗu, bayan laulayi ya lafa, kafin ciki ya tsufa, ta kuma riƙa miƙewa tana ɗan takawa a tsakanin aiki.

Na biyu shi ne cika alkawari. Shawul ɗin da na bayar a saƙa mini ya faɗo daidai lokacin ɗinkin Sallah, aka yi ta ce mini gobe, jibi, har ya wuce ranar da aka sa da nisa. Da ya zo kuma, sai na lura gefe ɗaya ya ɗan fi ɗayan duhu, saboda zaren farko ya ƙare an cike da wani wanda ba tare aka rina su ba. A ɗaki ba a gani, a rana kuwa a fili yake. Kowane ƙunshin zare yana da lambar rini a jikin takardarsa, don haka wadda za ta ba da babban aiki ta sayi duk zaren da ake bukata a lokaci ɗaya, ta duba lambobin da idonta. An ba ni haƙuri an kuma rage mini kuɗin aiki ba tare da gardama ba, wannan kam na yaba.

Abin da na kasa fahimta shi ne saitin ranar suna da aka rataye a gaban shagon, masu duwatsu da ƙananan maɓallai da dogon ribon a wuya. Hajiya da bakinta take gaya wa ɗalibai cewa maɓallin da ya cire yana iya shiga bakin yaro, igiyar wuya kuma tana da haɗari, amma tana sayar da su saboda su ne dangin miji suka fi nema don hoton suna. Na san kasuwa ce, amma wadda ta san illar abu kamar yadda ta sani, da ta maye gurbin duwatsun da ado na zare, wanda ma'aikatanta sun iya shi sarai.

Ta fuskar kuɗi, wadda ta sayi zare ta saƙa da kanta za ta kashe ƙasa da abin da za ta biya a kan sabon saiti na waje, amma idan aiki za ta bayar, gwanjo ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai ba za ta sami awon da take so da ɗinkin ciki mai laushi ba. Ana karɓar oda ta WhatsApp, ana biya ta tura kuɗi a banki, kuma maza ba sa wuce teburin ƙofa, abin da ke sa masu ciki sakin jiki a ciki. Wadda haihuwarta za ta faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu ita ce za ta fi cin moriyar ɓangaren saƙa, kuma ya kamata ta kai aikinta aƙalla wata biyu kafin lokaci, ta kauce wa makonnin Sallah. Mai haihuwar bazara ko damina kuwa ta nufi ɓangaren yadin auduga, ta yi hula ɗaya ko biyu marasa kauri, sauran kuɗin zaren ta sa su a gidan sauro.