Samfurin jirgin Alpha Jet na roba, sikeli 1/72 (ainihin jirgin ya ninka shi tsawo sau 72): ya cancanci kuɗinsa?

Faransa da Jamus ne suka ƙera ainihin jirgin, mai inji biyu da kujeru biyu. Najeriya ta sayi 24 a shekarun 1980, kuma su ne suka kai hare-hare ta sama a Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma.

Samfurin ya fito da kyau. Faɗin fukafukansa kusan santimita 13, sassan kuma suna zama ba sai an sha kankara ba. Sai dai a lura da hanci: waɗancan 24 na Najeriya masu dunƙulallen hanci ne, ba mai tsinin nan na sojan Jamus ba.

Kafin a haɗa gangar jiki, a cusa darma kamar giram 5 a hancin, in ba haka ba jirgin zai zauna a kan wutsiya. Kada a sa sufa gulu a gilashin matuƙi, tururinsa na mai da shi fari fat. Fenti kuwa lokacin hunturu, sai a ɗaki a rufe, saboda ƙura.

Idan kwalin bai zo da tambarin kore-fari-kore ba, da hannu za a zana shi.