Gargaɗi kan masu tallar na'urar sanyaya kwamfuta ta ruwa

Jama'a, musamman masu haɗa bidiyo, masu zane da masu shagon kwamfuta, a yi hattara. Da zarar zafin bazara ya kankama sai ka ga talla ta cika Facebook da zaurukan WhatsApp: wai ka cire fankar kwamfutarka ta tebur ka sa na'urar sanyaya ta ruwa. Za su haɗo da hotuna biyu, ɗaya na nuna zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya kai digiri 95 da fanka, ɗayan digiri 30 da ruwa. Sai kuma a ce ka tura kuɗi tukuna, kaya na hanya.

Wannan gwaji nasu ha'inci ne. Hoton farko an ɗauke shi ne ana tsaka da aiki mai nauyi, ƙura ta toshe fanka, man da ake shafa wa firosesa ya bushe. Na biyun kuwa yanzu aka kunna kwamfutar, ba ta taɓa aikin komai ba. Kuma fanka ce ko ruwa, babu wadda za ta sauke firosesa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki, domin dukkansu iskar ɗakin suke miƙa wa zafin. A watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato ke kaiwa digiri 40, wanda ya yi maka alkawarin 30 a shagon da ba esi ƙarya yake yi maka.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne kayan da suke turowa. Gwanjo ne aka goge aka maida kwali. Na'urar ruwa tana aiki ne kamar lagireton mota: ɗan famfo ke tura ruwa ta tiyo daga kan firosesa zuwa inda fankoki za su huce shi. Shekaru na tafiya ruwan na raguwa a hankali, dauɗa na toshe hanyarsa, famfon na gajiya. Manyan kamfanoni kansu garantin shekara 5 ko 6 suke bayarwa, kai kuma ba ka san shekarun wadda aka turo maka ba. Famfo zai iya mutuwa alhali fankoki na juyawa, fitilu masu launi na ta ƙyalli, kana zaton lafiya lau. Firosesan Intel idan ya kai wajen digiri 100, ko na AMD Ryzen 7000 ya kai 95, da kansa yake rage gudu, aiki ya riƙa tafiyar hawainiya. Idan kuma tiyo ya yi yoyo a kan madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, asarar ta wuce kuɗin na'urar.

Ɓangaren fanka ma akwai jabu. Bututun jan ƙarfe na gaske da ke jikin fanka yana ɗauke da ɗan ruwa a rufe, shi ke kwashe zafi da sauri. Na bogi launi kawai gare shi. Tsoma gindinsa a ruwan zafi: na gaske nan take samansa zai ɗau zafi. Man firosesa na Arctic MX-4 ma an sha kwaikwayonsa, har kamfanin ya sa lambar tantancewa a jikin kwali.

Yawancinmu ma ba ma bukatar ruwan. Kwamfutocin ofis na HP da Dell masu firosesa mai wat 65, fankarsu ta isa, kuma sau da yawa akwatinsu ba shi da wurin ɗaura lagireto. A busa ƙurar hunturu, a canza man firosesa, shi ke nan. Mai babban firosesa kuwa, fanka irin Noctua NH-D15 tana gogayya da na'urorin ruwa masu lagireton milimita 240, ba ta da famfon da zai mutu.

Idan har sai ka saya, a ɗaura ta a gabanka. A buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin firosesa, a saki Cinebench, manhajar da ke ɗora masa aiki mai nauyi, na minti 10, a gwada tsohuwar fankarka bayan an share ta, sannan a gwada sabuwar a ɗaki guda. Duba gudun famfo a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka tabbatar ƙarafan ɗaurin sun dace da mazaunin firosesanka, ko LGA1700 ne ko AM4 ko AM5. Wanda ya ƙi wannan gwaji, ko ya ce sai kuɗi sun shiga asusunsa, kada ka tura masa ko sisi.