Rufe laftof gaba ɗaya ko kulle fayil ɗin salsala kaɗai?

Duk wanda ya tara tarihin zuri'arsa a laftof yana riƙe da amanar mutanen da ke raye: sunayensu, ranakun haihuwarsu, sunayen iyayensu mata, irin abubuwan da 'yan damfara ke nema ruwa a jallo. Fayil ɗin GEDCOM da manhajojin salsala ke fitarwa kuwa rubutu ne a fili, wanda ya tsinci filashinka zai iya karantawa.

Hanya ta farko ita ce rufe faifan kwamfutar baki ɗaya da BitLocker a Windows ko FileVault a Mac. Ni na fi yarda da ita, domin tana rufe har hotunan takardun haihuwa da tsofaffin kwafin da ka manta inda ka jefa su. Sai dai ƙarfinta yana cika ne idan na'urar a kashe take, kuma in ka manta kalmar sirri, mabuɗin ceto (dogon jerin lambobi ko haruffa da ake ba ka don buɗe faifan a madadinta) ma ya ɓata, wahalar shekaru ta tafi ke nan. Rubuta mabuɗin a takarda, ka ajiye nesa da jakar laftof.

Ta biyu, kulle fayil ɗin kaɗai da manhajar 7-Zip mai amfani da tsarin ɓoye bayanai na AES-256, ta fi dacewa da filashi ko turawa ɗan'uwa. Matsalarta ita ce da zarar ka buɗe, kwafi marar kulle yakan saura a kwamfutar.