Gargaɗi: mai sayar da Pappy Van Winkle na bogi ya cinye mana dala 2,800

Dala 2,800. Kwalba biyu, kowace dala 1,400. Abin da wani ɗan damfara ya karɓa ke nan da sunan Pappy Van Winkle mai shekara 15, wani wiski mai tsada na Amurka irin wanda ake kira bourbon, kuma abin da ya aiko ko kusa bai yi ba. Na san da yawa cikin masu karanta wannan ba ruwansu da giya, ni ma ba tallarta na zo yi ba. Da 'yan uwa da ke nan Amurka masu aikin mashaya da otal nake magana, da duk mai sayen irin waɗannan kwalabe a bayan fage, domin mutumin har yanzu yana nan yana neman wasu.

Kada wani ya ce mana ba mu duba ba. An duba. Kafin a tura ko sisi sai da ya nuna takardar jikin kwalbar gaba da baya, hoton tsohon nan Julian Van Winkle, wanda giyar ta ci sunansa, da sigarinsa yana nan daram, rubutun ƙarfin barasa kashi 53.5 cikin ɗari yana nan, kwalbar mililita 750 ce. Aka ce ya nuna lambar da Buffalo Trace, kamfanin da ke yin ta, ke zanawa da haske a ƙasan gilashi, wadda ke nuna shekara da ranar da aka ɗura, ya haska ta da fitilar waya, ta fito tsaf. Ya rubuta kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da kwalaben. A kiran bidiyo ya juya su a hankali, ya ce ai shi ma ba don matsin kuɗi ba da ba zai rabu da su ba. Wannan maganar ita ke ta dawo mini. Ya juya kwalba, ya juya, yatsansa na kan wuyanta, daidai inda ya kamata a gani.

Dabarar ke nan gaba ɗaya: kwalbar ta gaskiya ce. Takardar ta gaskiya ce, lambar ta gaskiya ce. Mutanen nan fankon kwalba suke saya a intanet daga waɗanda suka shanye, su cika da wiski mai arha, su toshe, su sa sabuwar hula a baki. Duk binciken da za a yi wa gilashi da takarda zai ci jarrabawa, saboda daga Frankfort ta jihar Kentucky, inda kamfanin yake, suka fito da gaske. Farashin ma bai yi arhar da za ta tayar da hankali ba. Da dala 400 ya ce, babu mai kula shi. 1,400 ya ce, ƙasa kaɗan da abin da ake jin ana saye a bayan fage a lokacin, kuma kowa ya san sau ɗaya a shekara ake fitar da ita, lokacin kaka, samunta a shago da farashin kamfani sai mai rabo.

Hular bakin ce ta fara tona shi, ko da yake a'a, tun kafin nan an lura ruwan cikin kwalaben biyu bai tsaya wuri ɗaya ba, ɗaya ta ɗara ɗaya da kusan faɗin yatsa. Injin kamfani ba ya haka a kwalaben ɗuri ɗaya. Hular kuwa ta asali ƙarfe ce mai laushi da inji ya matse ta lafe da wuya sumul. Tasa roba ce irin wadda ake hura wa zafi ta tsuke, ga tamoji a gefe, ga bakin ƙasa a karkace. Da aka yanke ta, toshiyar ta fito ba gardama, gindinta ya riga ya jiƙe ya yi duhu da alamar an sha cire ta.

Sai gwajin girgiza. Wiskin da ya haura kashi 50 idan aka jijjiga kwalbar, ƙananan kumfa na taruwa a sama su ɗan jima kafin su mutu. Wannan nan take suka ɓace. Aka sa ma'aunin barasa, ya tsaya wajen kashi 40. An biya dala 2,800 a kan 53.5, aka samu 40.

Ɗanɗanon shi ya fi ɓata rai. Dokar Amurka ta ce bourbon sai masara ta kai aƙalla kashi 51, a kuma ajiye shi cikin sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta, ba a yarda a ƙara masa launi ko zaƙi ba. Duk jan da ke cikinsa daga itace yake. Pappy kuma alkama ake sa masa a gurbin hatsin da ake kira rye, shi ya sa ba shi da yajin nan mai kartar harshe. Mai shekara 15 na gaske, a zuba kaɗan a kofi mai tsukakken baki a bar shi minti goma, zai ba da ƙamshin ƙonannen sukari da vanila da busasshen dabino, can ƙasa kuma tsohuwar fata da itace. A baki yana da nauyi, ɗuminsa na sauka a hankali, ya bar ɗan bauri na itace da ke daɗewa bayan an haɗiye. Ɗigon ruwa biyu ko uku ƙara buɗe shi suke yi. Abin da mutumin nan ya aiko ƙamshin ɗanyar masara yake da warin barasa mai hawa hanci, a baki salam, kafin a ajiye kofi ya wuce. Da aka ɗiga ruwa sai ya mutu gaba ɗaya. Aka shafa kaɗan a tafin hannu aka bari ya bushe, hannu ya yi danƙo: an zuba masa karamel don ya yi duhun tsufa. Masu wayon cikinsu ma da wani wiskin, Weller Antique 107, suke cikawa, tunda kamfani ɗaya ne, alkama ce, ƙarfinsu ɗaya, sai gwani ke rabe su. Wannan ko wahalar hakan bai yi ba. Kuma tunda ba a san me ya haɗa ba, babu wanda ya ƙara kurɓa.

Kuɗin ta hanyar turawa tsakanin abokai ya nema, wadda ba ta da kariyar mai saye, ya ce don a kauce wa cajin kamfani. Ya kuma san a yawancin jihohi sayar da giya ba lasisi laifi ne, don haka wanda aka cuta kunya da tsoro ke sa shi yin shiru. Mu ba za mu yi shiru ba. Ranar da kaya suka iso aka kira shi, ko washegari ne, lambar dai a kashe, asusun an goge, sai ga hotunan nan dai, teburin nan dai, a ƙarƙashin wani sabon suna. Hotunan hirar, shaidar tura dala 2,800, da hoton hular da aka yanke duk suna hannu, zan ɗora su da zarar na rufe bayanan mutanenmu.

Ku saya a shago mai lasisi ko wurin gwanjo mai lasisi. Ku nemi hoton wuyan kwalba na kusa, ba hannu a kai. Wanda ya ce a tura kuɗi ta hanyar abokai, ku bar masa kayansa. Idan kun shanye kwalba mai tsada, ku yage takardar ku fasa ta kafin ku jefar.