Ramin da ke ƙarƙashin gidanmu

Salamu alaikum Yaya, ya su Inna, ya zafin Sakkwato. Ka ji ni shiru kan kuɗin bulon da munka yi magana, wallahi tsohon gidan ga da na saya nan Amurka a birnin Miniyafolis ne ya riƙe min wuya.

Nan kusan kowane gida na da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, besmen suke ce mai, kuma ba gayu ba ne sanyi ne ya kawo shi. Ƙasa daskarewa take yi da hunturu, shi ya sa doka ta ce tushen gini ya nitse inci 42, sama da mita guda kenan, to tunda an riga an tona sai a ƙara zurfi a samu ɗaki. Namu bango guda ya turo ciki ya tsage a kwance, ƙasar waje ta sha ruwan ƙanƙara ta daskare ta kumbura tana tura shi shekara da shekaru.

Ni da tunanin gida na ce a kawo tifofin yashi a cike banza a huta, yadda muke cike tsohuwar rijiya. Injiniyan da na kira dariya ya yi, kuma dubawar nan kawai sai da na biya, ba kamar maginin unguwarmu da zai leƙo ka ba shi na goro ba. Ya ce hitar gida da tankin ruwan zafi da akwatin wuta da bututai duk can ƙasa suke, sai an kwaso su sama an nema musu wuri, sannan bangon nan shi ke ɗauke da gidan, ko an cike ramin sai an tokare shi, ga takardar izini daga hukumar birni, ga tsakuwar sai an riƙa zubawa kaɗan kaɗan ana daddanna ta da inji. Ranar sayarwa kuma gida ya faɗi kuɗi. Uwa uba in jiniyar guguwa ta kaɗa can ake gudu da yara.

Gyara na zaɓa. Za su jera ƙarafa a jikin bangon, su binne bututu mai huji a gindinsa ya tara ruwa, famfo ya tsotse ya watsar waje. Kuɗin kam ya isa ɗaki da falo a Arkilla.

Kaya dai ba a magana, ka shiga Menards, babban kantin kayan gini, komai na nan da farashi a rubuce ba ciniki, in bai yi ba ka maida da rasit. Mai aikin ne wahala, sai ka bi layi makonni, mu da leburori ke zaune bakin titi da shebur suna jiran a kira su. Amma garantin a rubuce yake, wannan ya burge ni.

Bulon sai bayan sallah in Allah ya yarda. A yi wa katangar Inna yaɓe kafin ruwa ya sauka, a duba indararon nan na baya.